Zuriyar Injinan Tumanski a Sararin Ƙasar Hausa: Daga MiG-21 na Najeriya zuwa Su-25 na Nijar

Tsakure

Wannan takarda ta bi sawun injinan jiragen yaƙi da suka fito daga ma'aikatar Sergei Tumanski ta birnin Masko. Ta duba yadda zuriyar inji guda, wato R-11, ta shigo hannun sojojin saman Najeriya da Nijar ta ƙofa uku: MiG-21 a 1975, F-7NI ƙirar ƙasar Sin a wajajen 2010, da Su-25 a 2013. Hujjar takardar ita ce an ƙera waɗannan injina bisa zato biyu: cewa akwai masana'anta a bayansu da za a riƙa mayar da su akai-akai, da kuma cewa abokin gaba jirgi ne ko tankar yaƙi. Ƙasashen biyu sun sayi injin ba tare da masana'antar ba, abokin gabar da ya fi damun jihar Maraɗi kuma a kan babur yake zuwa. An auna wannan hujja da yanayin gundumomin Gidan Rumji, Agye da Gazawa.

Gabatarwa



Idan ana zancen jirgin yaƙi a rediyo ko a majalisa, sunan jirgin ake kira, da kuɗinsa, da irin bama-baman da yake ɗauka. Da wuya a ambaci injinsa. Alhali inji ne ke yanke nisan da jirgi zai je, da mintin da zai iya yi yana shawagi a kan wuri, da shekarun da zai yi yana tashi kafin a ture shi gefen fili ciyawa ta rufe tayoyinsa. Gangar jirgi takan kai shekara talatin ko fiye. Injin da ke cikinta, a irin jiragen da za mu tattauna, da ɗaruruwan sa'o'i ake auna rayuwarsa.

Jiragen yaƙin Sobiyet na farko da suka sauka a ƙasar Hausa ba na Tumanski ba ne. A watan Agusta na 1967, lokacin yaƙin basasar Najeriya, aka sauke MiG-17 da MiG-15 na koyarwa a filin jirgin saman Kano, kuma injinansu na gidan Vladimir Klimov ne, waɗanda asalinsu kwaikwayon injin Nene na kamfanin Rolls-Royce ne da gwamnatin Birtaniya ta yarda aka sayar wa Masko a 1946. Amma daga 1975 zuwa yau, kusan shekara hamsin ke nan, da wuya a sami lokacin da babu wani ɗa ko jikan injin Tumanski a rumbun sojan saman Najeriya ko na Nijar. Wannan daɗewa ce ta sa na zaɓe shi.

Mutumin da ma'aikatarsa

An haifi Sergei Konstantinovich Tumanski a Minsk a 1901, ya rasu a Masko a 1973. Ya gama Kwalejin Injiniyoyin Sojan Sama ta Zhukovski a 1931, kuma a ƙarshen shekarun 1930 ya zama babban mai zane a masana'antar injina ta Zaporozhye a Yukren, inda aka yi injin M-88 mai fistan na jiragen kai farmaki. A 1943 ya koma Masko ya zama mataimakin Aleksandar Mikulin a masana'anta mai lamba 300. Wannan lamba ce ake gani a wutsiyar sunayen injinan, kamar R-11-300 da R-13-300. Da aka tuɓe Mikulin a 1955, sai ragamar ta faɗo hannun Tumanski.

Dole a yi hattara da kalmar "injin Tumanski". A tsarin Sobiyet, sunan shugaban ma'aikata ake liƙa wa aikin ɗaruruwan injiniyoyi. An fara zanen R-11 tun zamanin Mikulin da sunan AM-11. R-13 da R-25 da R-95Sh kuwa, waɗanda su ne suka fi shafarmu, a birnin Ufa aka ƙarasa su ƙarƙashin Sergei Gavrilov. Abin da za a iya jingina wa Tumanski da gaske shi ne ya raini R-11 har ya kai ga shiga masana'anta, ya kuma kafa salon da ƴan baya suka bi. Daga ma'aikatarsa ne kuma RD-9 na MiG-19 ya fito, da R-15 na MiG-25, jirgin da ke kusan ninka gudun sauti sau uku, wanda Aleksandar Fedotov ya haura mita 37,650 da wani samfurinsa a 1977. Ba zan tsaya a kan waɗannan ba, tunda ba su zo mana ba.

Abin da R-11 ya zo da shi

Aikin injin jet a taƙaice huɗu ne: ya zuƙi iska ta gaba, ya matse ta, ya zuba mata kananzir ya cinna wuta, sannan ya bar hucin ya fita ta baya da ƙarfi, jirgi ya tunkuɗa gaba. Kafin hucin ya fita sai ya bi ta wata farfela ya juya ta, ita kuma ta juya sandar da ke riƙe da mamatsar iska ta gaba. Wanda ya taɓa zama a maƙera ya san wuta ba ta yin zafin narka ƙarfe sai zuga-zugi ya yi aiki; to mamatsar nan ita ce zuga-zugin, sai dai a nan wutar ce da kanta ke zuga kanta.

Wahalar tana cikin mamatsar. Sahu-sahu ne na ƙananan fuka-fukai, kowane sahu yana ƙara matse abin da na gabansa ya miƙo masa. An yanka su ne daidai da gudu guda. Idan inji yana juyawa a hankali, ko matuƙi ya tura maƙura farat ɗaya, sahun baya sai ya kasa haɗiye iskar da na gaba ke turowa, iskar ta cushe, ta dawo baya da ƙara kamar harbin bindiga, wuta ma tana iya mutuwa. Amurkawa a injin J79 na kamfanin General Electric, wanda ke cikin F-4 da F-104, sun magance wannan da fuka-fukai masu karkata da kansu gwargwadon gudu, a cikin mamatsa mai sahu 17. Dabara ce mai kyau, amma tana buƙatar hannuwa da mahaɗai da na'urar sarrafawa masu yawa, kowanne kuma abin lalacewa ne.

Ma'aikatar Tumanski ta bi wata hanya. Ta raba mamatsar gida biyu, ta ɗora kowane rabi a kan sandarsa, sanda ɗaya a cikin ɗaya, kowace da farfelarta a baya. Babu giya tsakaninsu; iska ce kaɗai ke haɗa su, don haka kowane rabi yana neman gudun da ya dace da shi da kansa. Ba su ne suka fara wannan a duniya ba, domin J57 na Pratt & Whitney da Olympus na Bristol sun riga su, amma R-11 ne na farko a Tarayyar Sobiyet. Inda suka yi zarra shi ne ƙarancin sahu. Sun yanka fuka-fukan gaba yadda bakinsu ke yanka iska da gudun da ya wuce na sauti, kowane sahu yana yin aikin biyu, sai ga mamatsa mai sahu shida kacal, uku a gaba uku a baya. Inji ya fito gajere, nauyinsa ya ɗan haura tan guda, yana ba da turi na wajen kilo 5,700 idan an kunna murhun baya, wato inda ake sake fesa mai a cikin hucin don ƙarin ƙarfi. An ƙera fiye da 20,000 na R-11, MiG-21 da yake ɗauka kuma ya haura 11,000.

Gavrilov ya ƙara sahu biyu a rabin baya ya sami R-13, mai turin wajen kilo 6,500. Daga shi aka sami R-25 na MiG-21bis, mai kilo 7,100, wanda ke da wani matsayi na gaggawa da ke kai shi kusan kilo 9,900 a ƙasa da tsayin mita 4,000, fiye da nauyin jirgin kansa. Minti uku kawai aka yarda matuƙi ya yi a wannan matsayi. A ganina wannan ƙa'ida ta minti uku ta fi kowane adadi bayyana tunanin gidan: a tatsi ƙarfe iyakar tatsa na ɗan lokaci, abin da ya biyo baya matsalar masana'anta ce.

Kuɗin sauƙi

Sauƙin nan ba kyauta ba ne. Mamatsa mai sahu kaɗan ba ta matse iska sosai. Ta R-11 tana ninka matsin iska wajen sau tara, ta J79 kuwa ta haura sau 13. Ƙarancin matsi na nufin yawan shan mai. MiG-21 bai ɗaukar lita 3,000 a cikinsa, kuma fitarsa ta yaƙi da wuya ta kai awa guda.

Na biyu shi ne gajartar rayuwa. Kowane injin Sobiyet yana zuwa da littafinsa, inda makanike ke rubuta duk mintin da ya yi yana aiki, a ƙasa ko a sama. Idan sa'o'in da aka ɗiba masa suka cika, ko da lafiyarsa ƙalau, sai a cire shi, a zuba masa man adana, a rufe a akwati, a aika masana'antar garambawul, a ɗauko wani daga ajiya a ɗaura. R-15 na farko sa'a 150 kawai aka ba shi. Zuriyar R-11 ta fi haka, amma duk da haka ƴan ɗaruruwa ne tsakanin garambawul da garambawul. Akwai kuma ƙidayar shekaru: injin da ke ajiye ma yana tsufa, robobinsa na bushewa, don haka wa'adinsa na iya ƙarewa bai tashi ko sau ɗaya ba.

Wannan tsari ya dace da ƙasar da ta yi shi. Sojan Sobiyet ya dogara ne da matasan da aka ɗauka aikin dole na shekara biyu, saboda haka ba a son makaniken sansani ya buɗe cikin inji; aikinsa ya cire ya ɗaura. Masana'antu suna nan, layin dogo yana nan, injinan ajiya sun yi yawa. Masu tsara yaƙin Turai kuma ba su sa ran jirgi zai daɗe a fagen fama ba, to me zai sa a kashe kuɗi a yi masa injin sa'a dubu huɗu? Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma su sun sani, sun tanadi abin tarba. Tambayar ita ce me ke faruwa idan aka kai injin ƙasar da ke da nisan kilomita dubbai daga masana'antar, wadda kuma sai ta nemi dala kafin ta aika akwati guda.

Abin da ya faru a Najeriya

A 1975, kuɗin mai na shigowa, Najeriya ta karɓi MiG-21MF guda 25 masu injin R-13 da na koyarwa guda 6. A 1984 aka ƙaro MiG-21bis guda 12 masu R-25. Makurɗi ce cibiyarsu. Zuwa farkon shekarun 1990 duk sun daina tashi. Waɗanda suka zo daga baya ba su yi ko shekara goma suna aiki ba.

Zai yi sauƙi a ɗora wa ƙirar Sobiyet laifin, amma hujja ba ta yarda ba. Jiragen Jaguar guda 18 da aka sayo daga Birtaniya a daidai wannan lokaci, masu injin Adour, su ma a farkon shekarun 1990 suka kwanta, da sa'o'i kaɗan a littafinsu. Faɗuwar farashin mai, da karya darajar naira ƙarƙashin shirin tsuke bakin aljihu na 1986, da rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, sannan takunkumin da ya biyo bayan soke zaɓen 1993, su suka haɗu suka datse hanyar kayan gyara. Abin da zan ce game da injin Tumanski shi ne ya fi saurin jin wannan datsewa, saboda igiyar da ta ɗaure shi da masana'anta ta fi gajarta. Alpha Jet, wanda ya fi su ƙanƙanta da sauƙin riƙo, shi ne ya rayu ya yi aikin rundunar ECOMOG a Laberiya da Saliyo, har yau kuma yana tashi.

A kwatanta da Indiya. Ita ma ta sayi MiG-21, tun 1963, amma ta haɗa da lasisin ƙira, ta gina masana'antar injina a Koraput inda ta riƙa yin R-11 da R-25 tana kuma yi musu garambawul. Sai a watan Satumba na 2025 ta yi bankwana da jirgin, bayan shekara fiye da sittin. Ta yi asarar matuƙa da yawa a haɗurra, wannan gaskiya ne, amma jirgin bai kwanta irin na Najeriya ba. Sin ta wuce nan: ta karɓi zanen a 1961, ta yi WP-7 daga R-11, daga baya ta yi WP-13 bisa tsarin R-13. To da Najeriya ta tashi maye gurbin MiG-21 ɗinta, a 2005 ta ƙulla cinikin F-7NI guda 12 da na koyarwa guda 3 daga Sin a kan dala miliyan 251. Abin da aka sauke mata shekaru kaɗan bayan haka jikan MiG-21 ne, cikinsa kuma WP-13. An canza mai sayarwa, an sake sayen dangin injin da aka kasa riƙewa, kuma garambawul ɗinsa har yanzu a ƙetare yake. An kuma sayo jirgin tare hanya mai ninka gudun sauti a daidai lokacin da yaƙin da ke tafe na ƴan tawaye ne a daji.

Su-25 na Nijar da iyakar Maraɗi

Nijar ta shiga wannan dangi a 2013, shekarar da Faransa ta shiga yaƙin Mali, lokacin da ta sayo Su-25 guda biyu daga Yukren ta ajiye su a sansanin sama na 101 a Yamai. Su-25 ba jirgin tare hanya ba ne. An yi shi ne don dukan abin da ke ƙasa. Ya fara tashi a 1975, matuƙinsa na zaune cikin akwatin ƙarfen titaniyam, injinansa biyu kuma R-95Sh ne, wato R-13 da aka cire wa murhun baya, kowanne na ba da kilo 4,100. A nan ne sauƙin gidan Tumanski ya fi yin rana. Injin yana jure duka, yana jure fili maras kyau, an ma tsara shi yadda zai iya ɗan aiki da man gas na mota idan kananzir ya yanke. A Afganistan, da makamai masu linzami na kafaɗa suka fara kayar da jirgin, sai aka sa farantin ƙarfe tsakanin injinan biyu don kada wutar ɗaya ta kama ɗayan, aka kuma fito da R-195 mai ƙarancin hucin da makami ke bi. Cadi ma ta sayi irinsa daga Yukren. Ga mai fuskantar jerin motocin a-kori-kura ɗauke da manyan bindigogi a fili fetal na arewacin Agadas ko gaɓar tafkin Cadi, zaɓin yana da ma'ana.

Matsalar jihar Maraɗi wata iri ce. Gundumar Gidan Rumji tana iyaka da jihar Sakkwato, ta fuskar Sabon Birni, kuma tun wajajen 2018 ƴan bindiga ke tsallakowa suna kore shanu suna sace mutane don kuɗin fansa. A watan Satumba na 2019 hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutum fiye da 40,000 sun tsallako daga Sakkwato, Zamfara da Katsina cikin wata goma, har aka buɗe musu matsugunai irin na Garin Kaka da Cadakori nesa da iyaka. Nijar ta kafa rundunar Farautar Bushiya a jihar, Najeriya kuma ta ƙaddamar da farmakin sama na Diran Mikiya a 2018. Mu ɗora injin a kan wannan taswira mu gani.

Daga Yamai zuwa Gidan Rumji a miƙe kusan kilomita 500 ne, zuwa Gazawa kuma ya haura 600. Su-25 na ɗaukar wajen tan uku na mai a cikinsa. Injinansa biyu a cikakken ƙarfi suna shan kusan tan bakwai a awa. Ba a tafiya a haka, amma adadin na nuna irin ƙishirwarsu. Idan yana tafiya ƙasa-ƙasa da kaya, wajen kilomita 750 man ke kai shi. Ke nan zuwa da dawowa daga Yamai sai da tankunan ƙari a ƙarƙashin fiffike, a gurbin da makami zai zauna, kuma abin da zai rage na shawagi a kan wurin ƴan mintoci ne. A gudun kilomita 700 a awa, tafiyar kanta minti arba'in da wani abu ce, ban da lokacin da labari zai ɗauka daga bakin mai gari zuwa jandarma zuwa Yamai. Babur da ke yin kilomita 50 a awa ya ci kusan kilomita 40 a wannan tsakani, ƙauyuka da yawa na gundumar kuma ba su kai wannan nisa da iyaka ba. Kafin jirgi ya iso, masu harin suna wata ƙasa.

A ce ma ya iso a kan lokaci. Kilomita 700 a awa kusan mita 200 ne a daƙiƙa guda. Ƙauyen da faɗinsa mita 400 ne, daƙiƙa biyu zai yi a ƙarƙashin matuƙi. Agye da Gazawa kuma ba hamada ba ce. Suna cikin yankunan da suka fi cunkoson jama'a a karkarar Nijar, gona na manne da gona, kuma manoman wurare irin su Ɗan Saga sun yi suna wajen rainon itatuwa a cikin gonakinsu, har gawo da kalgo suka sake rufe ƙasar da a da ta yi tsirara. Abin alfahari ne, amma daga sama yana nufin inuwa ko'ina. Ranar kasuwa babura goma a jere a kan turba abu ne na kullum, haka garken shanu da masu kora. Ba idon da zai rarrabe ɗan kasuwa da ɓarawo a daƙiƙa biyu. A watan Fabrairu na 2022, gwamnan Maraɗi na lokacin, Shu'aibu Abubakar, ya sanar cewa harin sama na sojan Najeriya ya faɗa bisa kuskure a ƙauyen Nacade na gundumar Madarumfa, ya kashe yara bakwai. Madarumfa maƙwabciyar Gidan Rumji ce da Agye, kuma yanayin ƙasar ɗaya ne.

Sai yanayi. Adadin turin da ke takarda an auna shi ne a zafin digiri 15 a gaɓar teku. A bazara, da rana tsaka a watan Afrilu ko Mayu, filin Maraɗi na kai digiri 45, iska kuma ta fi ta awo sirantaka da fiye da kashi 10 cikin 100. Inji na samun ƙarancin abin zuƙa, fiffike na samun ƙarancin abin dafawa, sai a rage kaya ko mai. Da hunturu kuma ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele na Cadi ce ke shiga. Tana goge bakin fuka-fukan mamatsa a hankali, kuma mamatsar da sahunta kaɗan ne, kowane sahu na ɗauke da kaya mai nauyi, ba ta da rarar da za ta yi asara. Abin da ya wuce zuwa murhu yana narkewa ya manne a farfelar baya. Shi ya sa makanike kan leƙa bakin inji da tocila kafin kowane tashi, ya bi gefen kowane fiffike da yatsa yana neman tsaga ko ɓalli, sojoji kuma su jeru kafaɗa da kafaɗa su taka titin jirgi suna tsince tsakuwa da ƙusa. Masu zanen MiG-21 sun san da wannan haɗari: ƙarƙashin ƙananan ƙofofin shan iska da ke gefen gangarsa sun sa faranti don tare abin da tayar gaba ke watsowa. Faranti na tare tsakuwa, amma ƙura sai ta shiga, kuma sa'o'in da aka rubuta a Ufa ba da ƙurarmu aka lissafa su ba.

Igiyar masana'anta kuma ta fi ta zamanin Najeriya sarƙewa. Yukren ce ta sayar da jiragen, kuma a Zaporozhye, garin da Tumanski ya fara shugabanci, masana'antar da ke yi wa Su-25 garambawul take. Injin kuwa a Ufa ta Rasha ake yin sa. Shekara guda bayan cinikin, a 2014, Rasha ta ƙwace Kirimiya aka yanke hulɗar makamai tsakanin ƙasashen biyu. Daga 2022 kuma kowaccensu na ƙona nata Su-25 da injinansa a fagen yaƙi. Mai jirgi biyu da inji huɗu yana can ƙarshen layi. Binciken da aka yi a ma'aikatar tsaron Nijar, wanda ya fito a 2020 ya nuna asarar sefa biliyan 76 ta hanyar ƙarin farashi da kayan da ba a kawo ba, ya kuma nuna cewa idan hanyar kayan soja ta bi ta hannun dillalai, kuɗin na iya fita kayan ba su shigo ba.

Abin da ke zuwa a madadinsa

Ƙasashen biyu sun fara juyawa. Najeriya ta karɓi Super Tucano guda 12 a 2021 ta ajiye su a Kainji. Injinsu PT6 ne mai farfela, ɗan gidan da ke cikin dubban jiragen farar hula, yana yin sa'o'i dubbai kafin garambawul, jirgin kuma na iya yin sa'o'i yana shawagi. Nijar ta karɓi Bayraktar TB2 maras matuƙi daga Turkiyya a 2022, wanda ke iya kwana ya wuni a sama da injin da ƙarfinsa bai wuce doki 100 ba. Ga yaƙin babura, wannan ya fi kusa da buƙata. Sai dai kada mu ɗauka jinkirin gudu shi kaɗai ya isa. Jirgin da ya kashe mutum aƙalla 85 a wajen Mauludi a Tudun Biri ta jihar Kaduna a watan Disamba na 2023 maras matuƙi ne, yana da duk lokacin da yake buƙata na kallo. Inji na ba da lokaci. Sanin wane ne a ƙasa daga mutanen ƙasa yake fitowa, daga masu gari da makiyaya da ƴan kasuwa na ɓangarorin iyaka biyu, kuma wannan musayar labari ta yi rauni tun da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023.

Ga masu bincike a jami'o'inmu, musamman Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da Cibiyar Fasaha ta Sojan Sama da ke Kaduna, akwai aikin da ba ya buƙatar sirrin soja: a auna girman ƙwayar ƙurar hunturu da sinadaranta wata-wata a Maraɗi, Katsina da Kano, a gwada yadda take cin ƙarfen fuka-fukai. Da irin wannan awo ne mai saye zai iya zama da mai sayarwa ya nemi a rubuta wa'adin inji bisa yanayinmu, a kuma sa kuɗin garambawul na shekara goma da injinan ajiya cikin farashin farko, maimakon a bar su ga kasafin da ba a san yadda zai kasance ba.

Sabon kaya ma yana da tasa igiyar. JF-17 guda uku da Najeriya ta karɓa daga Pakistan a 2021 injinsu RD-93 ne na gidan Klimov, daga Rasha. M-346 guda 24 da ta yi oda daga kamfanin Leonardo na Italiya injinsu F124 ne na Honeywell, wanda kayan gyaransa sai da yardar Amurka, ƙasar da ta hana Isra'ila sayar wa Najeriya jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra a 2014. TB2 kansa, a watan Oktoba na 2020, kamfanin Kanada da ke mallakar Rotax, mai ƙera injinsa, ya dakatar da ba shi inji saboda yaƙin Nagorno-Karabakh, sai da Turkiyya ta nemi wata mafita.